Azara da Ginin Soro a Ƙasar Hausa

Tun zamanin da, da ƙasa Hausawa su ke gini, amma ƙarfin soro a azara ya ke, watau itacen giginya da a kan tsaga. Gara ba ta cinta, ba ta kuwa saurin ruɓewa, saboda haka in tsohon soro ya rushe a kan kwashe azararsa a rufa sabo.

Sai dai azara ba ta jimrin nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6. Don haka magina suka yi dabarar bakan gizo: su ɗaure azara bisa azara, kowace ta ɗara ta ƙarƙashinta, har su haɗu a tsaka, sa'an nan a yaɓe. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846. Haka kuma a kan rufa zaurukan sarakuna da attajirai.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai kwano da siminti suka yi ta yawaita. Kwano ya hutar da mutane yaɓe kowace shekara, amma ɗakinsa ba ya shiguwa da bazara. Giginya kuwa takan daɗe kafin ta isa sara, in ba a shuka ta yau ba, maginan gobe ba su da azara.