Gidan Yarin Pentonville da Hukuncin Kaɗaici a Ingila

An buɗe gidan yarin Pentonville da ke arewacin Landan a shekarar 1842, zamanin mulkin Sarauniya Biktoriya. Injiniyan soja Joshua Jebb ne ya tsara shi, inda dogayen rassan ginin suka fito daga zaure guda, ta yadda gandirobobin da ke tsakiya ke hango kowane sashe. Ɗakunansa 520 ne, kowanne na mutum ɗaya, mai tsawon ƙafa 13 da faɗin ƙafa 7.

Manufar ita ce a keɓe fursuna har ya yi nadama. An haramta musu magana da juna, kuma da lamba ake kiran mutum, ba da sunansa ba. Idan za a fito da shi motsa jiki, sai a sanya masa hular da ke rufe fuska. Ko a coci ma kowa da akurkinsa na katako, mai wa'azi kaɗai yake gani.

Sai dai kaɗaicin ya haukata wasu fursunoni, lamarin da ya sa hukuma ta rage wa'adin keɓewar daga wata 18, daga bisani ya koma tara. Duk da haka, cikin shekara shida an gina gidajen yari 54 bisa wannan tsari. Har yau Pentonville na aiki.