"Skirmen": Garkuwar da ke Cikin Tsohuwar Kalmar Wasan Takobi a Turanci

Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Turanci na yau yana neman kalmar "skirm" ko "skirmen" da wuya ya same ta, sai a manyan ƙamusoshin tarihi, inda aka yi mata alamar cewa an daina amfani da ita. Amma a Ingila ta ƙarni na 13 da na 14, da ita ake kiran wasan takobi, wato fasahar kai sara da tare sara da ake koya a hannun gwani. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, garkuwa ce tushen wannan kalma, babu takobi a asalinta, kuma da Turanci ya yar da ita, sai ya ɗauko wata mai irin ma'anarta ya sa a gurbinta.

Aro Ingilawa suka yi. Bayan Normandawa sun ci ƙasar a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a da mayaƙa, kuma a cikin kalmomin da suka shigo akwai "eskermir" ko "escremir", ma'ana yin wasa da takobi. Shi ma Faransanci ba gadon Latin ya yi ba a nan. Ya karɓe ta daga Farankawa, ƙabilar nan mai harshe irin na Jamusawa wadda ta mamaye ƙasar har ta bar mata sunan Faransa. Ba a sami kalmar Farankawan a rubuce ba, masana ne suka sake gina ta da "skirmjan", amma 'yan'uwanta suna nan a tsohon Jamusanci: "skirm" garkuwa ko kariya, "skirmen" kuma karewa. Har gobe Bajamushe yana kiran laimar ruwan sama "Regenschirm", laimar dirowa daga jirgi "Fallschirm". Abu ne da ake sawa tsakanin mutum da abin da zai cutar da shi.

Ɗaya daga cikin wuraren da kalmar ta fara bayyana a Turanci shi ne "Ancrene Wisse", littafin jagora da aka rubuta a farkon ƙarni na 13 domin mata masu keɓe kansu don ibada. Marubucin ya siffanta masu manyan zunubai a matsayin ma'aikatan fadar Shaiɗan, ya ce mai fushi shi ne ɗan wasan da ke jujjuya wuƙaƙe da takubba a gaban Shaiɗan ɗin, kuma da wannan fi'ili ya bayyana aikin nasa. A nan kalmar tana nufin wasan nuna gwaninta a gaban 'yan kallo. A ƙarshen ƙarnin kuma, waƙar labarin "Havelok" ta lissafa wasannin da aka yi ranar naɗin gwarzonta sarki: akwai kokawa, da jifan dutse, da sukar mashi, da "skirming" da wata irin garkuwa da ake kira "talevas". Mawaƙin bai ambaci makamin sara ba a wurin, garkuwar ya ambata.

Shari'a ta fi adabi bayyana matsayin masu wannan sana'a. A dokokin birnin Landan na 1285, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, waɗanda aka rubuta da Faransancin Ingila, an hana buɗe makarantar koyar da wasan takobi da ƙaramar garkuwa a cikin birnin, dare ko rana, kuma hukuncin wanda ya saɓa shi ne ɗaurin kwana 40. Dalilin da dokar ta bayar shi ne wawaye masu son fitina a can suke koyo, daga nan su ƙara ƙarfin hali wajen ɓarna. A farkon ƙarni na 14 an gurfanar da wani Roger le Skirmisour, wanda sana'arsa ta zama sunansa kamar yadda muke cewa wane Maƙeri, bisa zargin yana da irin wannan makaranta, yana jawo 'ya'yan mutanen kirki suna ɓarnatar da dukiyar iyayensu. Ke nan a idon mahukuntan Landan, malamin takobi abokin 'yan tasha ne.

A Sikotland sunan ya sami wata daraja dabam. A 1298 William Wallace, a matsayinsa na mai riƙon ƙasa, ya ba Alexander mai laƙabin Skirmischur filaye da riƙon ganuwar Dundee saboda ɗaukar tutar sarki a yaƙi. Zuriyarsa ce ake kira Scrymgeour, kuma har yanzu gidan ne ke gadon ɗaukar tutar sarautar Sikotland.

To me ya kashe kalmar? A ganina, sunan da ta yi ne. Lokacin da malaman takobi suka sami amincewar hukuma a 1540, da takardar izini daga Sarki Henry na Takwas, ba su kira kansu da tsohon sunan da ke cikin takardun kotu ba. Sun zama malaman ilmin "defence", wato kariya, kalmar da ta fito daga Latin. Gajeriyar siffarta, "fence", ta daɗe a harshen da ma'anar kariya da shinge, sai a ƙarni na 16 ta ɗauki ma'anar wasan takobi, daga nan aka sami "fencing" na yau. George Silver, wanda ya kare salon Ingilawa daga malaman Italiya da suka cika Landan, ya sa wa littafinsa na 1599 suna "Paradoxes of Defence". Mutanen da ke neman mutunci a wurin sarki da attajirai suna bukatar suna mai tsabta, kuma sun same shi.

Shakespeare ya ba mu shaidar yadda tsohuwar kalmar ta zama baƙuwa. A bugun wasan kwaikwayonsa "Hamlet" na biyu, na 1604 zuwa 1605, Sarki Claudius yana zuga Laertes da yabon da wani Banormande ya yi masa, ya kira gwanayen takobin Faransa "scrimers". Kalma ce ta Faransawa a bakinsa, aka yi amfani da ita don Faransawa, kuma ba ta cikin babban bugun 1623. Abin da Ingilawa suka riƙa faɗi shekara ɗari uku kafin nan ya koma kayan ƙasar waje.

Za a iya yi mini gardama cewa asalin kalma ba hujja ba ne a kan abin da masu furta ta suke nufi. Gaskiya ne, kuma na yarda ɗan Landan na 1300 bai san komai game da harshen Farankawa ba. Sai dai hujjata ba ta tsaya a kan tushen kaɗai ba. Dokar 1285 ta haɗa kalmar da garkuwa, waƙar "Havelok" ma haka. Littafin koyar da takobi mafi tsufa da ya rage a Turai, wanda aka rubuta a Jamus wajen 1300 kuma yake ajiye a gidan tarihin makamai na Leeds da lamba I.33, takobi da ƙaramar garkuwa yake koyarwa daga farko har ƙarshe. Sannan da aka tashi canza suna, daga wani tushe dabam ƙwarai, ma'anar kariya aka sake zaɓa. Sau biyu mutanen da ba su san juna ba suka sa wa fasaha ɗaya suna ɗaya, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe sanda: sara kowa ya iya, tarewa ce ake zuwa koyo.

'Ya'yan kalmar da suka rayu a Turanci sun bi wata hanya, ta hayaniya. "Skirmish", ƙaramar arangama tsakanin 'yan sintiri, ta shigo a ƙarni na 14 ta Faransanci "escarmouche" da Italiyanci "scaramuccia", ta cakuɗe da tsohon fi'ilin. Daga ita aka sami "scrimmage", daga nan kuma "scrum" na wasan rugbi. A sauran harsuna kuwa ma'anar wasan takobi ba ta gusa ba: Faransawa na cewa "escrime", Italiyawa "scherma", Sifaniyawa "esgrima", wadda ta haye teku ta zama "eskrima", wasan sanda da wuƙa na Filifins. Hukumar wasan takobi ta duniya da aka kafa a Faris a 1913 da sunan Faransancin take amsawa.

Wannan rabuwar ce ke ruɗar masu fassara. Ɗalibin da ya ci karo da "skirmen" a rubutun ƙarni na 13, kunnensa zai ja shi zuwa "skirmish", ya rubuta arangama ko faɗa. A wuraren da na kawo, kuskure ne. Ya rubuta wasan takobi da garkuwa, kada kuma ya bar garkuwar a baya.