Tukunyar Ƙarfe da Ajalinta

Tun kafin wutar lantarki ta shigo biranen ƙasar Hausa, matanmu ma'abota sani ne ga halin tukunyar da ake dafa ruwa a cikinta, domin wadda ta saba ɗora ruwan wankan jego safe da yamma har kwana arba'in ba ta bukatar a gaya mata ranar da tukunyarta ta gaji: sai ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, in ta yi amo to da sauran kwananta, in kuwa muryarta ta dushe, ta san tsaga ta shige ta. Amma hitar da ake kafewa a bangon makewayi a wannan zamani, ita illarta a ciki take, kuma sanin asalinta shi ne mabuɗin sanin ajalinta.

A shekarar 1868 wani mai fenti a birnin Landan, Benjamin Maughan, ya ƙago na'urar da iskar gas ke ɗumama ruwa a cikinta yayin da yake gangarawa zuwa bahon wanka, sai dai da yake bai yi mata mafitar hayaƙi ba, ta zama haɗari ga mai wankan kansa. Bayan shekara ashirin da ɗaya, a 1889, Edwin Ruud, injiniya ɗan ƙasar Norwe da ke aiki a Pittsburgh ta Amurka, ya fito da tanki mai tara ruwan zafi, mai kunna wutarsa da kashe ta da kansa. Daga nan ne ƙarfe ya soma kwana yana tashi da ruwan zafi a cikinsa, alhali kuwa haɗuwar waɗannan biyu tana gaggauta tsatsa.

Masu hikima suka nemi magani ta fuska biyu. A 1936 kamfanin A. O. Smith ya sami hanyar shafe cikin tankin da gilashi. Sa'an nan aka ari wata dabara da Humphry Davy ya gwada tun 1824 a kan jiragen ruwan Ingila, wato a haɗa ƙarfen da ake son tsarewa da wani wanda ya fi shi saurin cinyewa. Saboda haka aka rataya wata sanda, galibi ta maganiziyam, a tsakiyar tankin, ta zama fansa gare shi, ruwa yana cinta sannu a hankali, har ranar da ta ƙare, sai ya juya kan tankin.

Malaman fiƙihu sun koya mana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma wannan ma'auni yana da fa'ida a nan. Warin ruɓaɓɓen ƙwai sau da yawa daga sandar yake, sauya ta ya wadatar. Rugugi lokacin da ruwa ke zafi, laka ce ta taru a gindi ta daskare, a farkon al'amari wanki na fitar da ita. Ruwan da ya ƙi zafi kuwa, mai yiwuwa ƙarfen ɗumamawar ne ya ƙone, shi ma ana sayensa daban. Amma idan ruwan zafi kaɗai ya fito ja alhali na sanyi garau yake, ko kuma aka ga ɗigo daga jikin tankin kansa, musamman in ya kai shekara goma, to galibi tsatsa ce ta ci shi, faci kuma ba ya riƙe ƙarfen da ya ci daga ciki. A nan hukuncin mai jego da na mai hita ɗaya ne: tukunyar da ta tsage, sauke ta ake yi tun ruwanta bai kashe wutar ba.