Yansun: tsiro mai ƙamshi da makamancinsa mai guba

Yansun, wanda masana ke kira Pimpinella anisum, tsiro ne ɗan dangin karas da ke rayuwa shekara guda. Asalinsa gabashin Bahar Rum ne, kuma Masar da Turkiyya da Sifen na cikin masu noma shi. Tsayinsa bai cika kai mita ɗaya ba. Yakan yi fararen furanni, su bar ƙananan 'ya'ya masu tsawon milimita 3 zuwa 5.

Ƙamshin da ɗan zaƙin 'ya'yan daga sinadarin anitol suke, wanda ya fi yawa a mansu. Ana samun yansun a wajen masu magungunan Musulunci, inda ake saye a dafa kamar shayi don kumburin ciki da tari.

Sai dai akwai yansun mai siffar tauraro, ɗan wata bishiya daban ta Sin da Biyetnam. Yana da ɗan'uwa na Japan mai guba, kuma da wuya ido ya bambance su idan sun bushe. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan shan shayin mai tauraron, bayan ya jikkata mutane, ciki har da jarirai.