Hanyar Da Ke Ƙofar Gidanmu Ta Wace Ce?

'Yan uwa mazauna Kachalla Sembe, mukan yi gardama a majalisa kan wanda ke da alhakin gyara hanya da kuma wanda ke da ikon kafa rumfa a gefenta. Amsar tana cikin tarihi da doka.

Lokacin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mayar da fadarsa Jalingo a 1893, al'ada da shari'a ne ke tsare hanya. Kakanninmu sun san bambancin turba ta masu tafiya a ƙasa, da lungu tsakanin gidaje, da burtali na shanu. Idan maƙwabta suka yi saɓani kan faɗin hanya, alƙalai na da ƙa'idar kamu bakwai da ta zo a hadisi.

Zuwan Turawa ya sauya tsarin. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa a hannun gwamna, aka kuma ɗora wa sarakuna tara mutane don share hanyoyi. Daga baya aka kasa hanyoyin Nijeriya gida uku, kuma har yau a kan haka muke. Rukunin A na Gwamnatin Tarayya ne, kamar babbar hanyar da ta taso daga Wukari ta bi ta Jalingo zuwa Numan. Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 ce ke kula da su, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 kuma ita ke gyaransu. Rukunin B na jiha ne, wanda ya dawo hannun Taraba bayan an cire ta daga Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991. Rukunin C na ƙaramar hukuma ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa gina tituna da magudanan ruwa, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba, cikin ayyukanta.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, hanya a idon doka ba kwalta kaɗai ba ce. Ta haɗa da kafaɗarta, da kwalbati, da gada, da filin da aka keɓe a gefe. A hanyar Tarayya, wannan fili ya kai mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, har da gina hanya. Mai halastaccen haƙƙi ana biyansa diyyar gini da shuka. Amma wanda ya yi gini a kan filin hanya, ranar rusau ba shi da hujjar neman ko sisi, ko da ya shekara ashirin a wurin.

Don haka kafin mu sayi fili ko mu ja katanga, mu je ofishin filaye mu ga taswira. Kafin mu kai kuka kan rami ko toshewar magudana, mu tantance rukunin hanyar, kada mu buga ƙofar da ba ita ba. Taku biyu da muka ci daga lungu yau, su ne za su hana motar asibiti ko ta kashe gobara isa gidan maƙwabcinmu gobe, ko ma gidanmu.