Anthony Allison da Sirrin Amosanin Jini

Kafin shekarar 1950 likitoci sun riga sun san abubuwa da dama game da amosanin jini, watau cutar da ake kira sikila. Tun 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje. A 1949 kuma aka tabbatar cewa gadon cutar ake yi: wanda ya gaji irinta daga uwa da uba duka shi ke kwanciya, wanda kuwa ya gada daga ɓangare ɗaya yana ɗauke da ita ne kawai, lafiyarsa lau. Amma akwai tambayar da ta gagari masana. Idan yaran da suka gaji cutar daga ɓangarori biyu suna mutuwa tun ba su isa aure ba, me ya hana irin ya ƙare a cikin al'umma? Me ya sa a wasu sassan Afirka mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ke ɗauke da shi?

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Anthony Allison. An haife shi a Afirka ta Kudu a 1925, ya tashi a gonar mahaifinsa a Kenya, sa'an nan ya yi karatun likita a Oksfod ta Ingila. A 1949 ya bi ayarin jami'arsa zuwa Kenya yana ɗibar jinin ƙabilu dabam-dabam. Nan ya lura da wani abu: mazauna bakin teku da na gefen Tafkin Biktoriya, fiye da kashi 20 cikin ɗari suna ɗauke da irin sikila, alhali a kan tuddai masu sanyi da wuya a sami kashi ɗaya. Abin da ya raba wuraren nan kuwa shi ne sauro.

Zato dai ba hujja ba ne, don haka ya koma a 1953. Ya auna jinin yara a Uganda, ya tarar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fi ƙaranci a jikin masu ɗauke da irin. Ya kuma binciki mutum wajen 5,000 a Kenya da Uganda da Tanganyika, ya ga taswirar sikila ta hau kan taswirar zazzaɓi. Akwai kuma gwajin da aka sa wa manya 30 'yan ƙabilar Luwo ƙwayar zazzaɓin da gangan: cikin 15 masu ɗauke da irin biyu kaɗai suka kamu, cikin sauran 15 kuwa 14. Wannan ɓangare shi ne mafi rauni a aikin, domin masu binciken da suka biyo baya ba su sami bambanci mai girman haka ga manya ba, balle ma a yau ba a yin irin gwajin nan sai da sharuɗɗa masu tsanani. Ya buga sakamakon a 1954.

Ma'anar abin ita ce, zazzaɓi na kashe yaran da ba su da irin, sikila na kashe waɗanda suka gada ninki biyu, na tsakiya su ne ke tsira su haihu. Wannan shi ne misali na farko tabbatacce da ya nuna cuta na iya sauya gadon halittar ɗan Adam, kuma har yau da shi ake koyar da ɗaliban wannan fanni. Bincike na baya ya gyara bayanin: irin ba ya hana kamuwa, sai dai yana rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani ga yara da kimanin kashi 90 cikin ɗari.

Ƙasar Hausa ma ta ba da tata shaida. A aikin binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a Garki, wadda ke Jihar Jigawa yanzu, Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1979 cewa masu ɗauke da irin kashi 24 ne cikin jarirai, amma sun kai kashi 29 cikin waɗanda suka haura shekara biyar. Masu cutar sosai kuwa, kusan jariri biyu ne cikin ɗari, amma da ƙyar ake samun ɗayansu cikin manya.

Allison bai tsaya kan sikila ba. Daga baya, tare da matarsa Elsie Eugui, ya jagoranci samar da CellCept, maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa masa. Ya rasu a 2014.