Hoton Peiresc na Claude Mellan

Wannan hoto zane ne da Claude Mellan (1598–1688) ya sassaƙa a kan farantin tagulla a shekarar 1637. Tawada ake shafa wa farantin, sannan a buga shi a takarda.

Wanda ke cikin hoton shi ne Nicolas-Claude Fabri de Peiresc (1580–1637), masani kuma alƙali a majalisar shari'a ta Aix-en-Provence da ke kudancin Faransa. Ya shahara wajen tara kayan tarihi, musamman tsofaffin tsabar kuɗi da rubuce-rubucen hannu.

Mellan ya sauka a Aix ne a hanyarsa ta komawa gida daga Rum. A can kuma ya sassaƙa wa Peiresc da wani masani, Pierre Gassendi, hotunan wata guda uku.